"Ba Ma Saka Kati Ƙasa Da Dubu Uku", Wai Wa Ya Kafa Wannan Dokar?

Ranar Larabar da ta wuce bayan an idar da magariba na biya wani kanti a wajajen Yelwa a nan Bauchi a hanyata ta komawa gida, don uwargida ta bugo waya ta ce in taho da biredi da madarar gari da ɗan suga na karin kumallon yara. Aka lissafa kaya suka kama dubu ɗaya da ɗari takwas. Na laluba aljihu ba komai sai wata ɗari biyu da ta ji jiki wadda na ware wa mai keke. To ga injin POS nan a kan kanta har guda biyu suna ta haske, sai kawai na zaro kati na miƙa.

Yaron kantin ya kalli katin ya kalle ni ya ce, "Malam ai ba ma saka kati ƙasa da dubu uku, sai dai ka ƙaro kaya, in ba haka ba kuma ka bada ɗari na caji."

Na ce ɗan samari wa ya kafa wannan dokar? Ya ce oga ne. Na ce to ina aka rubuta? Ya yi dariya ya ce ai kowa ya sani. Ni dai ban sani ba, kuma na duba ƙofa na duba bango, abin da aka manna kawai shi ne "ba bashi" sai lambar akawun. Ga mutane a bayana suna jira, ga kunya irin ta ɗan Adam, kar a ce babban mutum yana rigima kan naira ɗari, sai na ce a ƙaro min taliya da sabulun wanki, na biya dubu uku da 'yan kai na fito. Sai da na zauna cikin keke abin ya fara cina, wato na shiga da niyyar kashe dubu ɗaya da ɗari takwas an sa na kashe kusan ninkinsa, ba don ina buƙatar kayan ba, laifina kawai kuɗina na cikin kati.

Matsayina a kan wannan dai guda ne. Duk kantin da ya ajiye POS don karɓar kuɗin kayansa ba shi da hurumin cewa sai ka sayi na kaza kafin ya karɓi katinka, haka nan ba shi da hurumin ɗora maka wani caji a kan farashin kaya. Kuɗin da ke cikin kati naira ce, ba wata ƙaramar naira ba ce da sai an tara ta da yawa take zama kuɗi. Na san 'yan kasuwa na da nasu uzurin, na zauna da su na ji, wasu uzurorin ma na gaskiya ne, shi ya sa zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ai banki na cire mana caji"

Wannan shi ne na farko da kowane mai kanti zai gaya maka, kuma gaskiya ne ana cire musu. Amma nawa ake cirewa? A 2019 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sauke cajin da ake cire wa ɗan kasuwa a kan ciniki da kati daga kashi 0.75 cikin ɗari zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, ya kuma ce a lokacin komai girman cinikin ba zai wuce naira 1,000 ba.

To mu ɗauki biro. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari na dubu ɗaya naira biyar ne. Na dubu ɗaya da ɗari takwas ɗina naira tara ne. Na ɗari biyar kuwa naira biyu da rabi, kuɗin da ko alewa ɗaya ba zai saya ba yanzu a garin nan. Amma aka ce in bada ɗari, wato an cire wa oga naira tara ni kuma in biya shi ɗari, sauran casa'in da ɗayan na menene?

Kuma ga abin da mutane ba sa lura da shi, tunda cajin nan kashi ne cikin ɗari, ƙaramin ciniki ƙaramin caji yake jawowa, babban ciniki babban caji. Wanda ya sayi kayan dubu hamsin an cire wa mai kanti naira 250 a kansa, amma shi ba a ce masa komai, har rakiya ake masa zuwa mota ana "Allah ya ƙara arziki Alhaji". Wanda aka cire naira biyar a kansa shi ake tsarewa a kanta. In da gaske caji ne damuwar ai da mai babban ciniki za a fara, ba da mai sayen omo ƙulli biyu ba.

Na sani wasu injunan na kamfanoni suna da nasu tsarin cirewa wanda ya ɗan bambanta, kuma akwai harajin naira 50 ɗin nan da gwamnati ke karɓa a kan kuɗin da ya kai dubu goma zuwa sama. Amma shi ma ka ga daga dubu goma yake farawa, bai shafi mai biredi da madara ba ko kaɗan.

Mai POS daban, mai kanti daban

A nan ne nake ganin aka cakuɗa abu biyu, kuma wasu da gangan suke cakuɗawa. Mai POS na bakin titi, wanda ya kafa lema da tebur a kasuwar Wunti ko bakin ta Muda Lawal ko ƙofar makaranta, sana'arsa ita ce ya ba ka tsabar kuɗi. Shi ya je ya nemo kuɗin, wani lokaci ma saya yake yi a gidan mai ko wajen 'yan kasuwa, shi ke zaune cikin rana da fargabar ɓarayi, to in ya ce ɗari a kan dubu biyar ba wanda zai ce ya yi zalunci, ladan aikinsa ne.

Mai kanti kuwa ba kuɗi ya ba ni ba, biredi ya ba ni, kuma ribarsa na cikin farashin biredin tun kafin in shigo. Injin nan hanyar karɓar kuɗinsa ce kawai, kamar aljihun tebur ɗin da yake zuba ciniki. Amma da yake yawancin kantunanmu inji ɗaya suke amfani da shi wajen cirar kuɗi da wajen ciniki, sai yaro ya saba duk wanda ya miƙo kati to "mai cira" ne, a ɗora masa caji. Sai ka sayi kaya a ci riba a kanka, a sake cin ta biyu a kan biyan kuɗin.

In mutum ya sayi kayan dubu ɗaya ya ce a cire dubu biyar a ba shi canjin dubu huɗu a hannu, e wannan ya shiga layin masu cira, a caje shi a kan dubu huɗun ba ni da ta cewa. Mu ma kwastomomi muna da irin wannan wayon, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma wanda ya biya daidai kuɗin kayansa ba ya cikin wannan lissafi.

"Shagona ne, ni ke da iko"

Wani abokina mai kantin kayan masarufi a Jahun da muka yi wannan muhawarar har muryoyinmu suka fara tashi, cewa ya yi, "Kai malam da kuɗina na kama shago, da kuɗina na zuba kaya, in na ga dama ma sai in ce ba na karɓar kati gaba ɗaya." Na ce masa wannan kam gaskiyarka, ba wanda ya sa maka wuƙa a wuya ya ce sai ka karɓi inji, mai masa da mai ƙosai da yawa ba su da shi kuma ba wanda ya kama su.

Amma ranar da ka cika fom ka karɓi injin nan ka shiga wata yarjejeniya, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Ƙa'idojin da CBN ya fitar kan amfani da POS tun 2011, waɗanda aka sake nanatawa a ƙa'idojin da suka biyo baya, sun ce ɗan kasuwa ba zai sa wa mai biya da kati farashi daban ba, ba zai ƙara masa caji ba, kuma ba zai nuna masa bambanci ba don ya zaɓi biya da kati. Batun ƙarin ɗari kam wannan ya kashe bakinsa kai tsaye. Batun "sai ka kai dubu uku" kuwa ni a fahimtata shi ne ainihin nuna bambancin, domin wanda ya zo da ɗari biyar a hannu za ka sayar masa, wanda ya zo da ɗari biyar a kati ka ce a'a, kaya ɗaya farashi ɗaya, to me ya raba su in ba katin ba?

Kuma wannan rigimar ba sabuwa ba ce. Masu tunawa za su tuna ƙarshen 2019 lokacin da gidajen mai da manyan kantuna suka fara ɗora wa mutane naira 50 duk sanda suka biya da kati, aka yi ta surutu har CBN da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, suka fito suka ce wannan kuɗin ba kwastoma ne zai biya ba. Da hamsin aka hana, yanzu ɗari ake karɓa, a wasu wuraren ma ɗari biyu, kuma shiru kake ji.

Injin nan fa yana kawo maka ciniki. Mutum nawa ne da za su wuce kantinka saboda ba su da kuɗi a hannu amma suka tsaya don sun hango POS? Ya rage maka zuwa banki kai kuɗi, ya rage maka jabun kuɗi da yagaggu, ya rage abin da yaran shago ke zarewa daga aljihun tebur (wannan ba ni na faɗa ba, masu kantin da kansu ke faɗa). Duk ka karɓi wannan da hannu biyu, sai naira biyar ɗin caji ce za ka ce ba taka ba ce? Ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

"Ka je ka ciro kuɗi mana"

Wannan maganar ita ta fi ba ni haushi wallahi, musamman daga bakin wanda ya ga abin da ya faru a 2023.

Ba mu muka ce a raba mu da tsabar kuɗi ba. Tun 2012 aka fara wannan tsarin rage amfani da kuɗi a hannu a Legas, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi. Sannan a watan Oktoban 2022 gwamnan CBN na lokacin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023 aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffin kuɗi aka kwashe sababbi kuma babu, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan maganar a watan Maris. Duk wanda ke Bauchi a lokacin ya ga layin bankuna tun kafin asuba, ya ga magidanta da kuɗinsu a akawun amma gidansu ba a ɗora tukunya ba, ya ga mutanen ƙauye sun kawo kaya kasuwa sun rasa mai saye da kuɗi a hannu. A wannan lokacin ne tsofaffin da ba su taɓa riƙe kati ba suka buɗe akawun dole, aka ce musu ai yanzu zamani ya canza, kati shi ne kuɗi. To sun yarda, sun karɓi kati, yanzu kuma a ce musu katin ba ya aiki sai an kai dubu uku?

Kuma ciro kuɗin kyauta ne? Daga 1 ga Maris 2025 in ka cira a ATM ɗin da ba na bankinka ba naira 100 ake cire maka a kan kowace dubu ashirin ko ƙasa da haka, cira uku na kyauta da ake yi a wata ma an soke shi. Wannan in ka samu ATM ɗin da kuɗi a ciki ke nan, bayan ka biya kuɗin keke zuwa inda bankunan suke, don ba kowace unguwa ke da banki ba, wanda ke Miri ko Birshi ko Tirwun ya san abin da nake nufi. In ka je wajen mai POS na lema shi ma ɗarinsa na nan. Gaba kura baya sayaki, ka biya da kati a caje ka, ka je ciro kuɗi a caje ka.

Wani zai ce to ka yi taransifa. Ita ma a banki tsarin cajin da CBN ya kafa a 2020 ya sa naira 10 a kan abin da bai wuce dubu biyar ba, 25 har zuwa dubu hamsin, ga harajin VAT a kai, in kuma ƙaramar waya gare ka ta hanyar danna lambobi za ka yi akwai naira 6.98. Ba su da yawa, na yarda. Amma sai ka tsaya kamar wanda aka kama da sata kana jiran alat ya shiga wayar oga wanda ya tafi masallaci, an riƙe maka ledar kayanka a bayan kanta. Da kati kuwa take injin zai nuna an biya ko ba a biya ba.

Wa dokar ke kamawa?

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba taliyar da aka sa na saya ba ce, ni ma'aikaci ne, taliyar ma an dafa an cinye. Abin da ya tsaya min shi ne tunanin waɗanda wannan dokar ke faɗawa a kansu kullum.

Mai kuɗi ba ya sayen kayan ɗari bakwai. Shi buhu yake saye da katan, wata ɗaya sau ɗaya. Wanda ke sayen na ɗari uku na ɗari biyar shi ne lebura da aka turo wa kuɗin aikin yini a akawun, da ɗalibar jami'ar ATBU ko ta Poli a Gwallameji da aka turo wa dubu biyar daga gida ta lallaɓa har ƙarshen mako, da bazawarar da ɗanta ke turo mata ɗan abin cefane daga Abuja, da ɗan fansho. Su ne masu awo kullum, gwangwani ɗaya na shinkafa, man ɗari biyu, magi na hamsin. In ka ce wa mai dubu biyar a akawun sai ya kashe dubu uku a wuri ɗaya ka rusa masa lissafin sati guda. In kuma ya zaɓi biyan ɗarin, ɗari a kan cinikin ɗari biyar kashi ashirin cikin ɗari ne fa, wane banki ne ma yake cin irin wannan?

Masu cewa "naira ɗari ce fa kawai" su lissafa mutumin da ke shiga kanti sau ɗaya a rana, ɗari sau talatin dubu uku ke nan a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu saba'in. Da yayyafi kogi kan cika.

Wanda ya fi ɓata min rai ma a wani kemis na gani kwanakin baya, wata baiwar Allah da goyo ta zo sayen maganin zazzaɓi na yaro, kuɗin bai kai dubu ɗaya ba, aka ce mata kati sai daga dubu biyu. Me za ta ƙara a kemis? Ta sayi maganin ciwon da ba ta da shi? Ta tsaya tana juya katin a hannu tana cewa "don Allah ɗana ka taimaka, jikinsa zafi", sai wani dattijo da ke gefe ya ce "'yata kawo katin", ya biya mata da kuɗin hannunsa ya ce ta bar shi. Allah ya saka masa, amma ba kullum ake samun dattijo a gefe ba.

Ga kuma wani abin dariya. Shekara nawa muna fama da "ba canji"? Ka sayi abu a ba ka alewa ko ashana a madadin naira hamsin ɗinka, ko a ce ka dawo anjima ka karɓa, kai ma ka san ba za ka dawo ba. Kati ya zo ya kashe matsalar canji gaba ɗaya, dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin za a cire cif ba ƙari ba ragi, kuma a ƙananan cinikin ne ma ya fi amfani don nan ne canji ke wahala. Sai aka ce a nan ne ba za a saka shi ba.

"Ai a Turai ma ana yi"

Wani da ya ɗan yi yawo zai ce maka ai ko a Amurka akwai kantunan da ke rubuta mafi ƙarancin abin da za ka saya da kati. Haka ne, amma a ƙarasa labarin. Wata doka da suka yi a 2010 ita ta ba ɗan kasuwa damar sa iyaka, kuma ba zai wuce dala 10 ba, sannan a kan katin bashi ne kawai, wato wanda banki ke ranta maka kuɗi ka biya daga baya. Katin da ke cirar kuɗinka na kanka daga akawun ɗinka bai shiga ciki ba, kuma irin wannan ne kusan kowa ke riƙe da shi a nan, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa. Sannan su can cajin da ake cire wa ɗan kasuwa yana da wani tsayayyen kuɗi a kan kowane ciniki komai ƙanƙantarsa, shi ya sa ƙaramin ciniki ke iya cinye musu riba.

A Ingila tun Janairun 2018 aka hana ƙara wa mutum caji don ya biya da kati. Sa iyaka kam ba a hana su ba, ƙananan shaguna na yi, ba zan ɓoye wannan ba don ya saɓa wa ra'ayina. Amma aƙalla za ka tarar an rubuta an manna a inda za ka gani tun kafin ka ɗauki kaya. Mu a nan sai an gama ƙulla maka kaya a leda, mutane sun taru a bayanka, sannan za a gaya maka dokar, lokacin da kunya ba za ta bar ka ka ajiye ka fita ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ta tanadi cewa a nuna wa mai saye farashi kuma kar a karɓi fiye da abin da aka nuna masa, har wani babban kanti hukumar ta rufe a Abuja a watan Fabrairun 2024 saboda farashin kan kanta daban na wajen biya daban. Ko a addinance ma ciniki da yardar juna ake yinsa, kuma wanda aka ritsa a gaban jama'a ya ce "to a ƙaro taliya" ban ce ya yarda ba.

Inda nake tausaya wa masu kanti

Netwok. Wannan kam ba ƙarya suke ba. A saka kati injin ya yi ta juyi, ya ce bai yi ba, kwastoma kuma ya nuna maka alat an cire masa, sai rigima ta tashi a kan cinikin ɗari shida, wani har ya ce ka cinye masa kuɗi, alhali kuɗin na can sun maƙale tsakanin bankuna sai an yi kwanaki kafin su dawo. Ga takardar risit da kai za ka saya, ga cajin batir a garin da wuta sai ta ga dama, ga layi na taruwa da yamma lokacin da kowa ke sauri. Kuma akwai kayan da ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, katin waya misali, ko ruwan leda.

Duk na yarda. Amma netwok ba ya tambayar nawa ne cinikin kafin ya ɗauke, yadda yake maƙale na ɗari biyar haka yake maƙale na dubu hamsin, na dubu hamsin ɗin ma ya fi tada hankali. Wanda ya kamata a kama da wannan laifi shi ne bankin ko kamfanin da ya ba ka injin, su ke cin kaso a kan kowane ciniki, su ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tasa a gaba. Shugabannin kasuwar Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa in suka haɗa baki suka kira wakilan kamfanonin nan zama, wallahi za su zo da gudu, don ba wanda ke son a mayar masa da injuna. Amma an bar jaki ana dukan taiki, an bar mai inji an kama mai sayen biredi. Kuɗin risit da na caji kuwa ai kamar kuɗin leda ne da na haya da na janareta, cikin farashi ake sa su, ban taɓa ganin wanda ya ce ka bada hamsin na fanka don ka sha iska a shagonsa ba.

Ta ɓangarenmu kuma, hanyar ƙorafi tana nan a takarda. In matsalar cire kuɗi ce ka fara kai wa bankinka, in mako biyu suka wuce ba a warware ba ka kai sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN, in kuma ta kanti ce FCCPC na karɓar ƙorafi ta intanet. Amma mu faɗi gaskiya, wa zai rubuta wa Abuja takarda a kan naira ɗari? Su ma masu karɓa sun san da haka, shi ya sa abin ke tafiya. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne ka tambaya tun daga ƙofa kafin ka taɓa kaya, "ana saka kati? akwai caji?", in aka ce akwai ka ce Allah ya ba da kasuwa ka matsa gaba, kantuna ba su ƙare ba. In kuma an riga an cire da ƙari ka karɓi risit ɗinka ka ajiye.

Jiya Juma'a na sake biyawa kantin nan na Yelwa, da gangan, bayan an sauko daga masallaci, na yi sa'a ogan na nan zaune a kan buhun shinkafa yana danna waya. Muka gaisa, na ɗauki biredi ɗaya na miƙa kati. Yaron ya buɗe baki zai fara, na ce dakata, na juya wajen ogan na ce Alhaji don Allah nawa ake cire maka a kan wannan? Ya ce shi dai ya san ana cirewa. Na ce mu duba, ai yana fitowa a wayarka. Ya duba ya yi shiru, sannan ya yi murmushi ya ce, "Malam kai dai ka cika bin diddigi, kai yaro saka masa, duk sanda ya zo a saka masa."

Aka saka, ya wuce, na karɓi ledata na yi godiya. Ina bakin ƙofa ina gyara takalmi wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba ta shigo da kati a hannu da 'yar takarda da aka rubuta mata lambobin sirri, ta ce wai in ji mamanta a ba ta suga na ɗari uku da lipton. Na ji yaron ya ce mata, "Je ki ce mata ba a saka kati ƙasa da dubu uku."